Damben gargajiya a talabijin da waya: Yadda kyamara ta sauya kallo da gardamar magoya baya

A garuruwan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, dambe wasan kaka ne tun asali. Sai an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, aljihun manomi ya ɗan yi nauyi, sannan ’yan dambe da makaɗansu ke shigowa gari, a share fage, jama’a su kewaye shi. Wanda ya sami halarta shi ke ba da labari, wanda bai samu ba kuwa sai ya haƙura da ji.

Yau lamarin ya sauya. Damben da aka yi da yamma a Kano ko Abuja, kafin gari ya waye ya iso wayar ɗan kasuwa a Kazaure da ta ma’aikacin ƙaramar hukuma a Gwiwa. ’Yan kallo sun ƙaru, gardama ma ta ƙaru: wane ne gwarzon wannan zamani, wa aka zalunta a hukunci, wa masu ɗaukar hoto suka fifita, kuma wa ke cin moriyar gumi da jinin da ake zubarwa a fage.

Mafi yawan wannan gardama tushenta ɗaya ne. Abin da mai zaune a bakin fage ke gani daban, abin da kyamara ke zaɓa ta nuna wa na nesa daban. Tunda kuwa yanzu suna da kuɗi sun koma bin abin da aka nuna, zaɓin kyamara ya shafi abincin ɗan dambe da lafiyarsa. Ga bayanin yadda wasan yake, da hanyar da ya bi ya shiga talabijin da waya, da batutuwan da magoya baya suka rabu a kansu.

Yadda ake dambe

Dambe karawa ce tsakanin mutum biyu. Kowanne yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri, kuma da shi ake kai naushi. Ɗaya hannun a buɗe ake miƙa shi gaba. Da shi ake auna tazara, a tare naushi, a ture abokin karawa. Ana kai duka da ƙafa, kuma a zamanin da wasu kan ɗaura akayau a ƙafar.

Turmi uku ake yi. A tsarin gargajiya turmi ba ya da agogo: yana ƙarewa ne idan aka daɗe ba a kai wa juna hari ba, ko zare ya kwance, ko alƙalin wasa ya raba. Abin da kowa ke nema shi ne kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa. Da zarar hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. In aka yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su, kowa ya koma wurin mutanensa da mutuncinsa.

Ana danganta asalin wasan da mahauta, waɗanda kan zagaya garuruwa lokacin bukukuwan kaka, samarinsu su gwada ƙwanji da na garin da suka sauka. Daga baya ’ya’yan manoma da na sauran masu sana’a suka shigo, har dambe ya zama sana’a mai zaman kanta, da gidajenta na dindindin a birane. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano, da gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja. A irin waɗannan gidaje ba a jiran kaka. Ana sa zare rani da damina, ’yan kallo su biya kuɗin ƙofa.

Ɓangarori uku da ma’anar sunaye

’Yan dambe sun kasu gida uku: Arewa, wadda ake kuma kira Jamus, da Kudu, da Guramada. Arewa ta fi ƙarfi a wajen Sakkwato da Kabi da Zamfara, yayin da ƙasar Kano da maƙwabtanta, har da Jigawa, galibi ake lissafa su a Kudu. Sai dai ubangidan da ya koya wa yaro dambe ya fi garin haihuwarsa tasiri wajen sanin ɓangarensa. A wasan yau da kullum, ɗan wani ɓangare da na wani ɓangaren ake haɗawa.

Sunayen da ake kiran su da su ma bayani ne ga wanda ya iya karantawa. In aka ce Shagon wane, ana nufin yaronsa da ya taso a hannunsa. Bahago shi ne mai naushi da hagu, Auta shi ne ƙaramin gida, Dogo kuma tsawonsa ne ya ja masa. Da jin suna, tsohon ɗan kallo ya san gidan da yaro ya fito da irin damben da za a sa ran gani a wurinsa.

A ’yan shekarun nan sunaye irin su Ebola da Ali Ƙanin Bello da Garkuwan Cindo da Dogo Mai Takwasara sun zagaya ƙasar Hausa, har wanda bai taɓa taka gidan dambe ba ya san su. Goyon bayan ɓangare kuwa kusan gado ne, kamar yadda matasa ke riƙe ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai. Saboda haka ba a cika samun mai gardamar dambe da ba ya da inda zuciyarsa ta karkata ba, kuma ya kamata a riƙa tuna wannan duk lokacin da aka ji hukuncinsa.

Kafin kyamara, makaɗi ne mai ba da labari

Tun kafin a san bidiyo, akwai mai isar da dambe ga waɗanda ba su je fage ba, shi ne makaɗi. Kowane babban ɗan dambe yana da takensa da kirarinsa, kuma kalangu ne ke tsima shi kafin ya shiga. Muhammadu Bawa Ɗan’anace, fitaccen makaɗin maza daga ƙasar Sakkwato, shi ya dawwamar da sunayen Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da kaset-kaset da suka cika kasuwanni daga baya, su suka kai waɗannan waƙoƙi lungu da saƙo.

Yawancin dattawan da ke rantsuwa cewa ba a taɓa yin ɗan dambe kamar Shago ba, ba su taɓa ganin sa a fage ba. A waƙa suka san shi. Makaɗi kuwa zaɓe yake yi: ya ambaci ranar da gwaninsa ya yi kisa, ya tsallake ranar da aka kai shi ƙasa. Ashe ke nan tace labarin dambe tsohon abu ne.

Bambancin shi ne kowa ya san makaɗi na wani ne, kuma an san yabo ne sana’arsa, don haka mai sauraro kan rage wa zancensa gishiri. Bidiyo kuwa ana ɗaukarsa tamkar shaidar da ba ta ƙarya, domin Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mai kallo yakan manta cewa wani ne ya zaɓi inda zai tsaya da kyamara, wani ya yanke, wani kuma ya raɗa wa bidiyon suna.

Hanyar da dambe ya bi ya shiga allo

An buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka haɗa tashoshin ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. Tashoshin gwamnati a Arewa kan nuna dambe da kokawa jefi-jefi, a matsayin wasannin al’ada, musamman lokacin bukukuwa. Dambe yana kuma cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Duk da haka bai sami gurbi tsayayye a talabijin irin wanda ƙwallon ƙafa ta samu ba.

Wayar hannu ce ta buɗe masa ƙofa. Bayan shigowar layukan salula a 2001, da yaɗuwar wayoyi masu kyamara daga baya, duk wanda ya biya kuɗin ƙofa ya zama mai iya ɗaukar wasa. Sashen Hausa na BBC ya daɗe yana kawo sakamakon damben Dei-Dei da hotunansa a shafinsa na intanet. A 2017 Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka fara sanya wasanni a YouTube da sunan Dambe Warriors, abin da ya ja hankalin ’yan kallo daga ƙasashen da ba a jin Hausa. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu shi ma ya shiga shirya wasanni na musamman domin nunawa, kuma a 2025 ya ƙulla yarjejeniya da DAZN, kafar nuna wasanni ta intanet, don kai dambe ga masu kallo a faɗin duniya.

A yankin Kazaure da Babura, wasan kan iso ta hanyoyi uku. Akwai masu sayen data su kalla a YouTube ko Facebook ko TikTok. Akwai masu zuwa rumfar cajin waya a tura musu wasanni a katin waya kan kuɗi kaɗan. Akwai kuma waɗanda abokai ke aiko wa guntun bidiyo ta WhatsApp. Hanya ta ukun ita ce ta fi gajarta wasan, domin sau da yawa daƙiƙoƙin kisa kaɗai ke isowa.

Gardama ta farko: wane ne gwani?

Tsofaffin ’yan kallo kan auna ɗan dambe da abubuwa da dama: shekarun da ya yi yana sa zare, manyan da ya tara da su, yadda yake tsayuwa, iya kariyarsa, da ko yana amsa kira duk wanda ya neme shi ko kuwa zaɓen abokin karawa yake yi. A wurinsu, wanda ya yi turmi uku da babban ɗan dambe aka tashi babu kisa ya fi wanda ya kashe ƙananan yara goma.

Matasan da suka san dambe ta waya kuwa sun fi duba yawan kisa da kyan faɗuwar wanda aka buge. Suna da hujjarsu: kisa shi ne manufar wasan, kuma bidiyo ya kawo ƙarshen zamanin da mutum zai yi suna da bakin maroƙa kawai. Matsalar ita ce wasan da aka tashi babu kisa ba ya yawo a waya, don haka gwanin kariya, wanda da wuya a kai shi ƙasa, sunansa ba ya nisa. Haka nan ɗan damben da aka buge sau ɗaya cikin mummunan yanayi, wannan faɗuwar za ta yi ta bin sa shekara da shekaru, alhali a da labarinta kan mutu bayan kaka ɗaya.

Gardama ta biyu: kisa ko maki?

Mai nuna wasa a talabijin yana bukatar sanin lokacin farawa da na gamawa, yana kuma bukatar a sami wanda ya yi nasara. Wannan ya sa a wasannin da kamfanoni ke shiryawa ake ƙayyade wa turmi mintuna, a raba ’yan wasa gwargwadon nauyinsu, a kuma zaunar da alƙalai masu ba da maki idan ba a yi kisa ba.

Masu goyon bayan wannan tsari na ganin ya rage zalunci, domin ba a haɗa ƙaramin yaro da ƙato, kuma wanda ya fi kai hari ba ya tashi a tutar babu. Masu adawa na cewa an mayar da dambe ƙanin damben Turawa. A cewarsu, daɗin wasan shi ne gajere ya kai dogo ƙasa, kuma kisa hukunci ne da makaho kaɗai zai yi musu a kansa, alhali maki ra’ayin mutum uku ne da ke zaune a kujera. Suna kuma ƙara da cewa tashi babu kisa sakamako ne mai daraja, wanda ke bai wa manya biyu damar rabuwa ba tare da an zubar da girman ɗayansu ba.

Gardama ta uku: kiɗa, kirari da harshen sharhi

A fage, abin da ke gaban naushi ya fi naushin tsawo. Makaɗi ya ɗauki take, ɗan dambe ya tsima, ya fito yana kirari, ya zagaya ya nuna wanda yake so, a yi ta cacar baki tsakanin ɓangarori, masoya su yi liƙi. Mai yankan bidiyo kan zubar da mafi yawan wannan, wani lokaci ma ya ɗora kiɗan zamani a kan kalangu.

Ga mai kallo daga wata ƙasa, wannan bai rage komai ba. Ga Bahaushe kuwa an cire wa miya gishiri, kuma an cire makaɗi daga cikin masu cin abinci a wasan. Akwai kuma ƙorafi kan sharhi da Turanci, inda ake fassara kisa da turmi da kalmomin wani wasa daban, a kuma riƙa tallata dambe da zubar jini kaɗai, kamar ba shi da ƙa’ida ko tarihi. Masu kare kamfanonin kan amsa cewa in ba a yi wa baƙo magana da harshen da yake ji ba, kuɗinsa ba zai shigo ba, kuma idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Gardama ta huɗu: kuɗi da lafiya

A gidan dambe, ɗan wasa na samun abinci daga kason kuɗin ƙofa, da liƙin masoya, da kyautar gasa, wadda kan kai babur ko mota. Duk wannan a bainar jama’a ake yi. Kuɗin bidiyo kuwa a ɓoye yake: YouTube da makamantansa na biyan mai shafi ne gwargwadon tallace-tallacen da aka kalla, kuma bidiyon na iya ci gaba da kawo kuɗi bayan ɗan damben ya daina wasa. In babu rubutacciyar yarjejeniya, wanda aka nuna ba shi da kaso. A nan ne magoya baya ke kawo karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wasu kuma na tunatar da cewa bidiyon ne ya ɗaga darajar ’yan wasan har ake kiran su wasa da tsada a garuruwa masu nisa. Shigowar kamfanonin caca ta intanet cikin masu ɗaukar nauyin wasu wasannin ta ƙara raba kan jama’a, domin da yawa daga masoya dambe ba su yarda a haɗa al’adarsu da caca ba.

Batun lafiya ya fi na kuɗi nauyi. Likitoci sun tabbatar cewa yawan bugu a kai na illata ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin ya fi girma idan aka sake samun bugu kafin na farko ya warke. Saboda haka a damben zamani na masu son, wanda aka sumar da naushi sai ya huta aƙalla kwana 30 kafin a bar shi ya sake shiga. A gidajen damben gargajiya kuwa, bukatar kuɗi da tsoron gorin magoya baya kan mayar da mutum fage cikin ’yan kwanaki. Kyamara na nuna faɗuwa, ta maimaita ta sau uku, amma ba ta bin wanda ya faɗi zuwa masaukinsa.

Abin da maƙwabta suka yi: kokawar Nijar

Mutanen Babura da kewaye, waɗanda ke kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar kuma suke cuɗanya da mutanen Damagaram, sun san wani salo na daban. A can gwamnati ce ta ɗauki kokawa a matsayin wasan ƙasa. An fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, daga Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko. Jihohi takwas na ƙasar kan kawo ’yan kokawa goma-goma, gasar na zagayawa daga jiha zuwa jiha, kuma gidan talabijin na ƙasa, Tele Sahel, na nuna ta kai-tsaye. Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na shida a gasar Agadas ta ƙarshen 2023.

Abin lura shi ne mai kallon wannan gasa a gida yana ganin wasa daga farko har ƙarshe, da makaɗa da kirari, yana jin sharhi da harsunan ƙasa, ciki har da Hausa. Akwai kuma jerin waɗanda suka ci takobi shekara bayan shekara, har an raɗa wa filayen kokawa sunayen tsofaffin gwaraza, irin su Kantu a Maraɗi da Langa-Langa a Damagaram. Wannan bai hana gardama kan alƙalanci ba, amma ya sa masu gardamar na magana a kan abu ɗaya da duk suka gani. Dambe a Najeriya bai kai ga samun gasa guda da kowane ɓangare ya yarda ita ce ke fitar da sarki ba.

Darasi daga wasan alkafura

Batun maki da na hutun ɗan wasa ba a kan dambe aka fara su ba. Ɗaya daga cikin wasannin da suka sha wannan gardama a duniya shi ne alkafura, wanda ’yan Najeriya kan gani a talabijin lokacin gasar Olamfik: tsalle da juyi a sama, da lilo a sandar ƙarfe, da tafiya a kan katakon da faɗinsa bai wuce santimita 10 ba. Uche Eke ne ɗan Najeriya na farko da ya yi wannan wasa a Olamfik, a gasar Tokyo da aka yi a 2021, kuma a 2024 Kaylia Nemour ta Aljeriya ta ci zinare a Paris, lambar farko da Afirka ta samu a wasan.

Alkafura ba ta da kisa, alƙalai ne kaɗai ke fitar da gwani. A gasar Montreal ta 1976 Nadia Comaneci ta Romaniya, tana da shekara 14, ta sami cikakken maki 10, talabijin ya mayar da ita sananniya a duniya. Amma a gasar Athens ta 2004 alƙalai suka yi kuskuren lissafi da ya rage wa Yang Tae-young na Koriya ta Kudu maki, zinare ya tafi ga Paul Hamm na Amurka. A wannan gasar ce kuma ’yan kallo suka yi ta ihu kan makin da aka bai wa Alexei Nemov na Rasha har wasa ya tsaya, sai da shi kansa ya fito ya roƙe su su yi shiru. A 2006 hukumar wasan ta soke tsohon tsarin, ta raba maki biyu: na wahalar abin da aka yi, da na kyan yadda aka yi shi. Duk mai son kawo maki cikin dambe ya kamata ya san cewa sai an rubuta ƙa’idar filla-filla, an kuma bayyana wa ’yan kallo ita, in ba haka ba kowane hukunci zai zama abin zargi.

Darasi na biyu daga Simone Biles ta Amurka ya fito. A Tokyo ta janye daga yawancin wasanninta bayan ta gane cewa tana rasa sanin inda take in ta tashi sama, yanayin da ke iya karya wuyan mutum. ’Yan kallo suka rabu: wasu suka kira ta matsoraciya, wasu suka yaba mata. Bayan ta huta, ta dawo a Paris a 2024 ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. Ɗan damben da ya ce kansa na juyawa, ba zai sa zare yau ba, irin wannan gorin yake gudu, kuma bakin magoya baya ne zai sauƙaƙa masa ko ya tsananta.

Abin da mai kallo zai lura da shi

Ga wanda ke bin dambe ta waya ko talabijin, akwai tambayoyin da za su taimaka masa kafin ya yanke hukunci a majalisa. Na farko, cikakken wasa ne ya gani ko guntu? A wane turmi aka yi kisan, kuma me ya faru kafin nan? Na biyu, yaushe aka yi wasan? Tsofaffin bidiyoyi kan dawo da sabon suna, a ɗauka jiya aka yi. Na uku, da wace ƙa’ida aka yi, ta gidan dambe ko ta gasar kamfani mai agogo da maki? Sakamakon ɗaya ba ya zama ma’aunin ɗayan.

Na huɗu, shafin wane ne? Mai shafi ma yana da ɓangare, yana da ’yan wasan da yake hulɗa da su, kuma sunan da ya sa wa bidiyo talla ne. Na biyar, su wa aka haɗa? Kisan da babba ya yi wa sabon shiga ba abin kafa hujja ba ne. Daga ƙarshe, mai iya biya ya fi kyau ya kalli wasa a shafin da aka san yana sallamar ’yan wasa da makaɗa, domin duk kallo ɗaya kuɗi ne da ke shiga aljihun wani.

Ga hukumomin wasanni na jihohi da masarautu da masu gidajen dambe kuma, buƙatun da magoya baya suka fi maimaitawa ba su da yawa: a ajiye ma’aikacin lafiya a bakin fage, a tilasta hutu bayan mummunan kisa, a rubuta yarjejeniya kan bidiyo, a kuma riƙa adana sakamakon wasanni yadda na baya za su same shi.

Kyamara ta kai dambe inda kalangu bai taɓa kai shi ba, ta kuma bai wa ɗan Roni da ɗan Gwiwa damar ganin gwarazan da a da sai dai ya ji labarinsu. Amma wanda ya sami sarari bayan an gama girbi, ya daure ya je fage, ya zauna tun daga taken farko har turmin ƙarshe. Daga nan zai san abin da wayarsa ke rage masa.